Niyuroma: tambayoyi da amsoshi kan ƙullutun jijiya mai zogi da inda bincike ya kai

Wannan shafi domin masu fama da zogin jijiya ne bayan rauni, tiyata ko yanke gaɓa, da kuma masu jinyarsu. Jijiyar da ake magana a kanta ita ce mai kai saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, ba ta jini ba. Amsoshin sun tsaya ne a kan abin da aka gwada a jikin mutane aka kuma buga a mujallun likitanci. Inda hujja ke da ƙarfi za a faɗa, inda take da rauni ma za a faɗa, kuma a wannan fanni raunin ya fi yawa.

Mene ne niyuroma?

Idan jijiya ta tsinke ko aka yanke ta, ɓangaren da ke haɗe da laka ba ya mutuwa. Cikin 'yan kwanaki sai ya fara fitar da siraran zaruruwa suna neman ɗaya ɓangaren, domin su koma inda suka saba kai saƙo. Tafiyarsu a hankali take, kimanin milimita 1 a rana. In sun sami hanya, ji ya dawo. In kuwa babu hanya, ko don an cire gaɓar gaba ɗaya, ko tazarar ta yi yawa, ko tabo ya tare, sai su yi ta tsiro suna nannaɗe juna kamar yaɗon duma da ya rasa abin hawa, har su cure da naman tabo su zama ɗan ƙullutu. Shi ne niyuroma.

Kusan duk jijiyar da aka yanke aka bari takan yi wannan ƙullutu, amma kaɗan ne ke ciwo. Wani bincike da aka buga a 2018 ya bi bayanan mutum 1,083 da aka yanke wa yatsan hannu, ya sami 71 da ƙullutun ya dama, wato kusan 7 cikin 100. Bayan yatsu da dungun hannu ko ƙafa, ana yawan ganinsa a bayan wuyan hannu ta wajen babban yatsa, a matsematsi bayan aikin ƙaba ko tiyatar haihuwa, a hammata bayan cire mama, da gefen gwiwa bayan an yi mata aiki.

Akwai kuma wanda ke fitowa a tsakiyar jijiyar da ba ta tsinke duka ba. Wannan ya fi ba likitoci wahala, domin a cikin ƙullutun akwai zaruruwa masu aiki, kuma yanke shi na iya tafiya da motsin da ya rage.

Ciwon daji (kansa) ne?

A'a. Ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki, kuma ba ya kisa. Akwai wani ƙari da ke fitowa a jijiyar cikin kunne wanda shi ma ake yawan kira da wannan suna. Cuta ce daban, maganinta daban, ba ita ake nufi a nan ba.

To me ya sa ɗan abu haka yake hana mutum barci?

Saboda zaruruwan da ke ciki ba su gama nuna ba, kuma da yawansu ba su da rufin da ke kare lafiyayyar jijiya. Tun 1974 Patrick Wall da Michael Gutnick suka nuna a jikin ɓeraye cewa niyuroma na aika saƙo da kansa ko ba a taɓa komai ba, kuma da an ɗan danna shi sai saƙon ya ƙaru. Daga baya aka gano cewa ƙofofin sinadarin sodiyam, waɗanda su ke kunna saƙon jijiya, suna taruwa jingim a bakin yankan. Shi ya sa gogar riga, iska mai sanyi ko matsin ƙafar roba kan sa mutum ya zabura.

In ciwon ya daɗe, laka da ƙwaƙwalwa su ma sukan canza, su riƙa karɓar ƙaramin saƙo suna mayar da shi babba. Wannan na cikin dalilan da ke sa a cire wa wani ƙullutun tas amma ciwon ya ƙi tafiya duka.

Yaya likita ke tabbatar da cewa daga nan ciwon yake?

Zai ce ka nuna masa wurin da yatsa ɗaya. Mai niyuroma ba kasafai yake shafa wurin da tafin hannu ya ce "nan duka" ba. Yakan kai yatsa kan ɗigo guda, sau da yawa a gefen tabo, ɗaya hannun kuma na shirin kare wurin kada a taɓa. Sai likita ya fara ƙwanƙwasawa da kan yatsansa daga nesa, yana bin hanyar jijiyar yana matsowa. Da ya iso, sai majinyaci ya janye jiki ya ce wani abu ya ja shi kamar lantarki, wani lokaci har zuwa yatsan da babu shi. Ana kiran wannan alamar Tinel, da sunan likitan Faransa Jules Tinel, wanda ya bayyana ta a 1915 a jikin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Farko. Sai a yi wa wurin alama da biro.

Mataki na biyu ya fi muhimmanci: allurar kashe zafi, irin su lidokain, a gefen jijiyar, sama da ƙullutun kaɗan. Kafin allura a ce mutum ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, a jira 'yan mintuna, a sake danna wurin da aka yi wa alama. In 8 ta sauko zuwa 1 ko 2, mutum ya taka ƙafarsa yana mamaki, to akwai kyakkyawan zaton cewa tushen ciwon nan ne. In makin bai motsa ba, da wuya wuƙa ta yi abin da allurar ta kasa. Sikanin da hoton MRI suna nuna ƙullutu, amma ganinsa a hoto ba shaida ba ce cewa shi ke ciwo, tunda marasa ciwo sun fi yawa.

A ra'ayina wannan ɗan gwaji ya fi zaɓen irin tiyata nauyi, kodayake zaɓen tiyatar ake ta muhawara a kai.

Ciwon dungu da ciwon gaɓar da aka cire abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, amma sukan zo tare. Na farko a jikin dungun ake jinsa, kuma niyuroma ɗaya ne kawai cikin musabbabansa. Akwai tsiron ƙashi, ƙwayar cuta, ƙarancin jini da ƙafar roba da ba ta zauna daidai ba. Na biyu kuwa mutum na jin zogi ne a tafin ƙafa ko yatsun da aka riga aka cire, kuma a nan ƙwaƙwalwa na da babban hannu. Ana raba su wajen aunawa a bincike, domin magani kan taɓa ɗaya ya bar ɗaya.

Babu maganin sha?

Akwai, kuma da shi ake farawa. Amitiriftilin, dulokzetin, gabafentin da firegabalin su ne kan gaba. Farasitamol da ibufurofen ba su cika taɓuka abin kirki a ciwon jijiya ba. Wani babban nazari da Nanna Finnerup da abokan aikinta suka buga a mujallar Lancet Neurology a 2015 ya tattara gwaje-gwaje 229, ya lissafa mutum nawa za a bai wa magani kafin a sami ɗaya da ciwonsa ya ragu sosai saboda maganin kansa. Ga dangin amitiriftilin kusan mutum 4 ne, ga dangin dulokzetin kusan 6, ga gabafentin kusan 7, ga firegabalin kusan 8. Ma'ana mafi yawan masu sha ba za su sami abin da suke nema ba daga magani na farko, kuma sauya magani ba alamar likita ya rasa ta yi ba ce.

Sai dai a lura, galibin waɗannan gwaje-gwaje a kan ciwon jijiyar masu ciwon suga ne da wasu cututtuka irinsa, ba masu niyuroma ba. Aron sakamakon ake yi. Magungunan kuma na kawo jiri da barci, gabafentin da firegabalin na iya kama mutum har ya kasa bari, abin da ya sa Birtaniya ta sa su cikin magungunan da ake tsaurara wa doka a 2019. Ba a daina su rana ɗaya. Ragewa ake yi a hankali da sanin likita.

Tare da magani akwai aikin sashen gashi: sabar wa wurin taɓawa sannu-sannu, daga auduga zuwa ƙyalle mai kaushi, da gyara bakin ƙafar roba ta daina danna ɗigon.

Me ya sa ba za a yanke ƙullutun kawai a huta ba?

Domin yanke shi sabon yanka ne ga jijiyar, ita kuma za ta sake yin abin da ta yi da farko. Tsohuwar dabara ita ce a jawo jijiyar a yanke ta can sama, a sake ta ta koma ciki nesa da fata. Ƙullutun zai sake fitowa, fatan dai ya fito inda ba abin da ke taɓa shi. A 1986 Lee Dellon da Susan Mackinnon suka buga sakamakon binne bakin jijiyar cikin tsoka, mafi yawan majinyatansu suka sami sauƙi, wannan hanya kuma ta zama abin da ake gwada sauran da shi. Wasu na binnewa cikin ƙashi ko jijiyar jini, wasu na sa mata hula ta rufe bakin. In kuma ɗaya ɓangaren jijiyar yana nan, abin da ya fi shi ne a sake haɗa su, ko da da gada ce ta wata jijiya.

Wani nazari da ya fito a mujallar Pain a 2018 ya haɗa bincike 54 kan waɗannan hanyoyi. Kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun sami raguwar ciwo mai ma'ana, amma ba a ga wata hanya da ta yi wa sauran fintinkau ba. Wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ya sha wuƙa bai sami sauƙi mai ma'ana ba, kowace hanya aka bi.

Mene ne TMR da ake ta maganarsa?

Gajeren sunan Turanci ne na wata hanyar tiyata da aka ƙirƙira ba don ciwo ba. Todd Kuiken da Gregory Dumanian a birnin Shikago na Amurka suna neman yadda mai dungu zai sarrafa hannun roba mai aiki da lantarki ne ta hanyar tunani. A 2002 suka yi wa wani ma'aikacin wutar lantarki da ya rasa hannuwansa biyu daga kafaɗa: suka ɗauki jijiyoyin da a da ke zuwa hannu suka ɗinke su da ƙananan jijiyoyin motsi da ke shiga tsokar ƙirji. Zaruruwan suka bi sabuwar hanyar suka shiga tsokar, har ta kai in ya yi niyyar dunƙule hannu sai wani yanki na ƙirjinsa ya motsa, na'ura ta ɗauka. Daga baya aka lura cewa da yawa cikin waɗanda aka yi wa aikin ciwon dungunsu ya ragu. Jijiyar ta sami masauki da abin yi, ta bar curewa.

An gwada ta ta hanyar ƙuri'a, aka buga a mujallar Annals of Surgery a 2019. An raba masu dungu da suka daɗe da ciwo gida biyu, wasu TMR, wasu yankewa da binnewa cikin tsoka, ba tare da sun san wanda aka yi musu ba. Bayan shekara guda, ciwon gaɓar da aka cire ya ragu da maki 3.2 a rukunin TMR, a ɗaya rukunin kuwa bai ragu ba. Ciwon dungu ya ragu da 2.9 a kan 0.9.

Alƙaluman na da daɗin ji, amma ga inda gizo ke saƙar. An shirya ɗaukar mutum 200, aka tsaya a 28. Da wannan ƙarancin, bambancin ciwon gaɓar da aka cire ya tsaya dab da layin da masana lissafi ke yarda cewa ba dace ba ne, bai haye ba a babban ma'aunin shekara guda, na ciwon dungu kuwa ya fi nisa da layin. Sai da aka haɗa dukan ziyarce-ziyarcen bibiya ne na farkon ya haye. Don haka wanda ya ce an tabbatar TMR ya fi ya yi gaba da hujja, wanda ya ce ba shi da amfani shi ma haka.

RPNI fa?

Wannan ma gajeren sunan wani aikin tiyata ne, daga Jami'ar Mishigan ta Amurka ya fito, ƙarƙashin Paul Cederna, shi ma asalinsa don sarrafa hannun roba ne. Likita zai yanke ƙullutun ya bar bakin jijiya mai lafiya, ya yanko ɗan siririn yankin tsoka mai tsawon kamar santimita 3, ya ɗora bakin jijiyar a tsakiyarsa ya ɗinke, sa'an nan ya naɗe tsokar a kanta ya rufe. In jijiyar babba ce sai a tsaga ta gida-gida, kowane reshe da nasa yankin tsoka. Tsokar ba ta da jini a farko. Daga naman da ke kewaye take samun sababbin hanyoyin jini, zaruruwan jijiyar kuma su shige ta su zauna.

Rahoton farko a 2016 na mutum 16 ne, waɗanda suka ce ciwon niyuromansu ya ragu da kashi 71 cikin 100. Babu rukunin gwadawa, kuma bayan an gama aikin ne aka tambaye su yadda ciwon yake a da.

Wanne ya fi tsakaninsu?

RPNI ya fi sauƙin yi, ba ya bukatar a nemo jijiyar motsi a sadaukar da ita. TMR shi ke da gwajin ƙuri'ar da aka fi ambata. Wasu likitoci na haɗa su biyun. A aikace, hanyar da likitanka ya ƙware a kai ya kuma bi sakamakon majinyatansa ta fi sunan hanyar muhimmanci.

Ana iya yin rigakafi tun lokacin yanke gaɓar?

Nan ne bincike ya fi karkata yanzu. A 2019 an buga rahotanni biyu. Ɗaya ya gwada mutum 51 da aka yi wa TMR a lokacin yankewa da wasu 438 da ba a yi wa ba, na farkon suka fi ƙarancin ciwo. Ɗayan ya duba mutum 45 masu RPNI da 45 marasa shi: babu ko ɗaya a rukunin farko da ya sami niyuroma mai ciwo, a na biyu kuwa kusan 13 cikin 100. Duka biyun ba ƙuri'a ce ta raba mutanen ba, saboda haka mai yiwuwa waɗanda aka zaɓa wa sabon aikin dama sun fi lafiya ko sun fi samun kulawa.

Nawa a tafin ƙafa yake, an ce niyuroman Morton ne. Duk wannan ya shafe ni?

Kaɗan. Na Morton ba yanka ke kawo shi ba, matsi ne na shekaru ke sa jijiyar da ke ratsa tsakanin ƙasusuwan gaban ƙafa ta yi kauri, galibi tsakanin yatsa na uku da na huɗu. Ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru, kuma takalmi mai tsinin baki ko dogon dunduniya na ƙara shi. Mutum kan ji kamar tsakuwa a takalmi, ya tsaya ya cire ya murza ƙafa. Sunan na Thomas Morton ne, likita a Filadelfiya da ya rubuta a kansa a 1876, kodayake Lewis Durlacher na Landan ya riga shi a 1845.

Ana farawa da takalmi mai faɗin baki da ɗan matashi a bayan ƙasusuwan. Daga nan sai allurar sitiroid, maganin rage kumburi. Wani gwajin ƙuri'a na mutum 131 a Edinbara, wanda aka buga a 2013, ya nuna sitiroid haɗe da maganin kashe zafi ya fi maganin kashe zafi shi kaɗai har zuwa wata uku. Wani ƙarami a Sifaniya a 2017 bai ga bambanci ba. Yawan maimaita allurar na iya cinye kitsen tafin ƙafa, ya koɗar da launin fatar wurin, ya kuma tayar da suga na ɗan lokaci.

Labarin allurar alkohol shi ya fi koyar da darasi. A 2007 wani rahoto daga Ingila kan mutum 101 ya ce sama da 90 cikin 100 sun sami sauƙi, hanyar ta karɓu. A 2013 aka waiwayi mutum 45 da aka yi wa irin wannan allura bayan kimanin shekara biyar: 16 sun riga sun koma an yi musu tiyata, 13 kacal suka rage ba ciwo.

In tiyata ta zama dole, ko dai a saki jijiyar ta hanyar yanke igiyar naman da ke danne ta, ko a cire ta. Cirewa na barin tsakanin yatsun biyu a mace har abada, kuma, abin mamaki, a nan ne mutum zai iya samun niyuroma na gaske a bakin yankan.

Daskarar da jijiya, ƙona ta, ko na'urar lantarki?

Ana cusa siririyar allura a daskarar da jijiyar ko a gasa ta da zafi, ta daina kai saƙo na wasu watanni. Ƙananan rahotanni sun yaba. Amma da aka gwada daskarewa ta ƙuri'a a kan mutum 144 masu ciwon ƙafar da aka cire, rabi na gaske rabi na bogi, rahoton 2023 ya nuna babu bambanci bayan wata huɗu. Gwajin kan ciwon gaɓar da aka cire ne, ba niyuroma kai tsaye ba, amma ya isa ya sa a yi taka-tsantsan.

Akwai kuma na'urar da ake dasawa, mai zagaye jijiyar ta toshe saƙon ciwo da lantarki mai saurin bugawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ɗaya mai suna Altius a 2024 don ciwon bayan yanke ƙafa. A gwajinta kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya cika sharaɗin samun sauƙi, a rukunin gwadawa kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. Kamfanin da ya ƙera ta ne ya ɗauki nauyin gwajin.

Me ya sa binciken ke tafiyar hawainiya?

Ciwo ba a auna shi da na'ura, sai abin da mai shi ya faɗa, kuma abin da ya faɗa na bin tsammaninsa. Wanda aka ce masa sabuwar tiyata aka yi masa kan ji sauƙi tun kafin jijiya ta tsiro. Likitan da ya yi aikin ba a iya ɓoye masa abin da ya yi. Majinyacin da ya karanta labarin sabuwar hanya a intanet ba ya son ƙuri'a ta jefa shi tsohuwa. Ga kuma bambancin ma'auni: wannan ya kira raguwar maki 2 nasara, wanda shi ne abin da aka fi ɗauka a matsayin canjin da mutum ke ji a jikinsa, wancan ya ce sai rabi, wani kuma ya tambayi gamsuwa kawai. Haɗa irin waɗannan a lissafi guda aiki ne ja.

An gayyace ni shiga gwaji. Me zan tambaya?

Shiga ganin dama ne, kuma kana da ikon fita kowane lokaci ba tare da an rage maka kulawa ba. Wannan na cikin Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ƙa'idojin bincike a jikin mutane da ake ta sabuntawa. Ka tambayi kwamitin da ya duba tsarin ya amince, da lambar rajistar gwajin, wadda za ka iya dubawa a shafin ClinicalTrials.gov ko rumbun gwaje-gwaje na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ka nemi sanin me za a yi wa ɗaya rukunin, domin ƙuri'a na iya kai ka can, da ko za a ba ka ɗaya maganin daga baya in naka bai yi ba. Ka tambayi wa ke biyan kuɗin binciken, wa zai ɗauki nauyi in wata matsala ta taso, da ko za a ce ka daina magungunan da kake sha. Sai tsawon bibiya: tunda milimita 1 jijiya ke yi a rana, kuma ciwo kan ɗan ƙaru a makonnin farko bayan TMR ko RPNI kafin ya lafa, gwajin tiyata da zai rufe littafinsa a wata uku bai ga komai ba tukuna. Shekara guda ce mafi ƙaranci.